Hoton Auta

"Likita," in ji Rediyo, ya gyara zama a kan kujera yana ɗaga haɓa.

Baba Mai Hoto ya ɗago kai daga bayan kyamara, ya leƙo shi ta saman tabarau. "Kai da aka ce ka suma ranar da aka feɗe kwaɗo a ajin kimiyya? Tashi ka ba na bayanka wuri. In ka tuno gaskiya ka dawo."

Yaran da suka yi layi a baranda suka kwashe da dariya. Ni ma da nake tsaye da kwanon abincin Baba a hannu sai da na dara, don duk layinmu babu wanda bai san Rediyo ba. Shi ne zakaran muhawara na makarantarsu, yaron da in ya shigo shagona sayen sabulu sai ya ba ni labarin duniya kafin ya tuna abin da aka aiko shi.

Ƙa'idar Baba ke nan tun kafin a haifi waɗannan yaran. Kowace shekara shi ke ɗaukar hoton 'yan ajin ƙarshe na sakandaren da ke bayan layinmu, a jera a bangon zauren taro ranar yaye ɗalibai. Amma ba ya danna kyamara sai ya tambayi yaro me zai zama, kuma sai amsar ta kwanta masa a rai. Wai in yaro ya faɗi abin da ba nasa ba, wuyansa ƙagewa yake yi, hoton ya fito kamar na katin shaida. Malamai sun yi ƙorafin ɓata lokaci har sun gaji sun ƙyale shi.

Bana ciwo ya kwantar da shi. Ƙafafunsa sun kumbura, ko matakalar gidan ba ya iya sauka, sai makaranta ta riƙa turo masa yaran bayan an tashi. Ɗakinsa na kallon namu a gidan hayar da muke. Aka kafa farin ƙyalle a bango da ƙusa, aka ajiye kujerar roba a gabansa, aka matsar da gado kusa da taga inda kwalaben magani suka yi layi. 'Yarsa ma'aikaciyar asibiti ce, tana fita tun da safe, don haka abincin ranarsa a hannuna yake. Da wannan na samu damar kallon 'yan ajin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa ganin taron yara masu daɗin sha'ani irinsu ba.

Akwai wadda suke kira Gola, mai tsaron ragar ƙungiyar 'yan mata, gwiwoyinta duk tabo. Ta zauna ta ce jirgin sama za ta tuƙa, ko ƙiftawa ba ta yi ba, Baba ma bai bari ta rufe baki ba ya danna. Akwai wani siririn yaro ɗan ƙungiyar wasan kwaikwayo, wanda ya yi ta murza hula kafin ya ce shi wallahi bai sani ba tukuna, amma dai yana son dabbobi. Baba ya ce wannan ma amsa ce, ya ɗauke shi. Rediyo kuwa washegari ya dawo a sanyaye, ya ce mahaifinsa ne ke son likita, shi gidan rediyo yake so. Baba ya ce ai duk unguwa ta riga shi sani.

Da layi ya zo kan Autana, ya zauna ya ce shago zai riƙe.

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce ya tashi. Auta ya tashi, ya wuce ni a bakin ƙofa kansa a sunkuye, kuma bai sake shiga layin ba.

Abin ya tsaya mini a rai, don na san ɗana. Tun yana ƙarami ba a ajiye rediyo ko tocila kusa da shi a dawo a same su a haɗe. Shi ne shugaban ƙungiyar ƙere-ƙere ta makaranta. Ƙararrawar ƙofarmu ma shi ya haɗa ta da hannunsa yana aji biyu, kuma mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, sai ya danna ta ko da ƙofar a buɗe take, don kawai maƙwabta su ji aikin ɗansa. Tun da mahaifin ya rasu bara, Auta ya yi sanyi. Yayyensa duk suna wasu garuruwa da iyalansu, daga ni sai shi. Malaminsu ya tako har shago ya gaya mini cewa ana gab da rufe rajistar kwalejin fasaha, Auta bai je ba. Na tambaye shi, ya ce ba ya sha'awa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na turo masa babban yayansa a waya, duk ya yi biris da mu. Tsoro nake ji ƙwarai, kada yaron nan ya binne kansa tsakanin katan ɗin sabulu da buhun sukari tun bai kai ashirin ba.

Ana cikin haka hannun Baba ya fara rawa. Da farko kaɗan-kaɗan, daga baya ko kofin shayi sai na riƙe masa. Hotuna suka fara fitowa dishi-dishi, kowane yaro da hanci biyu. Yaran nan, don tausayi, sai suka haɗa baki suka riƙa yabawa. Rediyo har da cewa ai irin wannan ake yayi yanzu. Sun manta mutumin da suke yi wa wannan ya ƙare rayuwarsa yana gane ƙarya a fuskar yara. Ya bi su da kallo, ya miƙa hannu ya ja tawul ya rufe kyamarar, ya ce su je, sauran a ɗauke su da waya.

Daga ranar ya juya wa ɗakin baya. In na kawo abinci sai ya ce in ajiye, in na dawo in tarar da shi yadda na bar shi. 'Yarsa ta same ni a baranda tana share hawaye da bakin mayafi, ta ce likita ya ce zuciyar ce ta gaji, amma ita ta san rufe kyamarar nan ya fi ciwon kayar da shi.

Ranar Asabar da hantsi na hawo daga shago hannuna cike da kaya, na kai gwiwar hannu zan danna ƙararrawa, na ji wayam. Madannin babu, sai wayoyi biyu tsirara suna leƙowa daga bango. Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Duk abin da ke gidan nan Auta ya kwance na haƙura, amma ban da abin da mahaifinsa ke dannawa. Na dire kayan, na jiyo motsi a ɗakin Baba, na faɗa ciki ko sallama ban gama ba.

Auta na durƙushe a ƙasa da abin walda ƙarami a hannu. Ya ɗaure kyamarar a kan sandarta mai ƙafa uku, ya tokare ƙafafun da bulo don kada su motsa. Wata doguwar waya ta fito daga gefen kyamarar, ta bi ƙasa, ta hau gado, ta ƙare a tafin hannun Baba. Madannin ƙofarmu ne a ciki. Hannun na ta rawarsa, kyamarar kuwa ko gezau.

Na buɗe baki zan fara, sai na ji ƙyas.

"Maman Auta," in ji Baba, muryarsa can ƙasa, "zo ki ga yadda kike in kina fushi."

Na leƙa bayan kyamarar. Ga ni nan tar, baki a buɗe, gira a haɗe, har zaren da ya zare a bakin mayafina ana gani. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar ya cinye abincinsa, ya kuma ce miyar ba gishiri, na san ya dawo.

A makon ya gama da sauran yaran yana kwance. Auta ke saita masa kyamara, ya juyo masa da ita ya duba, sannan ya koma gefe. Tambayar dai ba ta canja ba, korar ma ba ta canja ba, sai dai yanzu da yatsa yake nuna ƙofa don maganar tana ba shi wuya. Rajistar kwaleji kuwa saura kwana kaɗan a rufe.

Da yammacin ranar da aka ɗauki na ƙarshe, na zo karɓar kwano. Ƙofar a buɗe take. Auta na naɗe waya, ya ba ni baya, bai ji zuwana ba. Baba ya gan ni sarai, amma ya ɗauke kai kamar bai gani ba, ya ce wa Auta ya bar wayar nan ya hau kujera, saura mutum ɗaya.

Auta ya zauna. Baba ya yi tambayarsa, ya ba shi amsar da ya ba shi da farko.

"Na ga hannunka a kan wayar nan," in ji Baba. "Ba hannun mai auna sukari ba ne. Gaya mini abin da ya riƙe ka."

Auta ya dubi hannuwansa, sannan ya ce:

"Baba, ƙofar shagon ƙarfe ce, Umma ba ta iya ɗaga ta, bayanta na ciwo. Kuma tun da Abba ya rasu, in ba na zauna a gabanta ba, ba ta cin abinci. Tana zaton ban lura ba. In na tafi wa zai zauna?"

Wata da watanni ina zaton baƙin ciki ne ya kashe masa zuciya, ashe gadina yake yi. Tausayinsa ya kama ni, daɗi kuma ya cika ni, har na rasa wanne ne ya kawo hawayen. Na shiga na tsaya a gefen farin ƙyallen, na dafa kujerar.

"Auta, ni na ce maka mai gadi nake nema?" na ce. "Na ɗauki cikinka, na yi ta fama da kwance-kwancenka, duk don ka ƙare a ɗaga ƙofa? Kai da ka sa hannun Baba ya ɗauki hoto, ƙofar shago ce za ta gagare ka? Abinci kuwa zan ci. Sai ka dawo hutu ka kasa gane ni don ƙiba."

Ya dube ni, ido ya cika, baki na son yin dariya. Baba ya ɗaga madannin a hankali ya sake tambaya, kamar yau ya fara ganinsa.

"Irin wannan nake son in riƙa ƙerawa," in ji Auta, yana nuna wayar. "Abin da zai taimaki wanda hannunsa ko ƙafarsa ta gaza."

Ƙyas.

Washegari ni na raka shi rajista da ƙafata, ina tsaye har aka gama.

Baba bai kai ranar yaye ɗaliban ba. Wata safiya ina haɗa shayi 'yarsa ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, da na buɗe na ga fuskarta ban tambaye ta komai ba. Ta ce cikin barci ya tafi, bai wahala ba. Kafin azahar 'yan ajin sun cika baranda da matakala cikin kayan makaranta. Gola ce ta karɓi tsintsiya ta share gidan tas, Rediyo kuwa ya zauna a kan matakala har yamma, ban ji muryarsa ba ko sau ɗaya.

Ranar taron na bi bangon zauren ina duba su ɗaya bayan ɗaya. Masu hanci biyun ma yaran sun hana a sake, sun ce haka Baba ya ɗauke su. Hoton Auta ne a ƙarshen layi. Shi kaɗai ne ba ya kallon kyamara, yana kallon gefe, kuma a bakin hoton ana ganin yatsuna a kan kafaɗar kujera.

Kafin ya tafi kwaleji ya kwana biyu yana fama da ƙofar shago, ya sa mata sarƙa da wani hannu da ake juyawa. Yanzu da hannu ɗaya nake ɗaga ta, har mai gyaran takalmin da ke kusa da ni yana roƙon a yi masa irinta. 'Yar Baba ta dawo mana da madannin a cikin ambulan. Auta ya ce bari ya mayar da shi wurinsa, na ce a'a, ya sa a jakarsa ya tafi da shi.

Jiya da rana na hawo cin abinci, kamar yadda na yi alkawari. Ina zaune da kwano a gabana na ji wani baƙo a ƙofa yana laluben bango. Ya laluba, ya laluba, yatsansa ya taɓa wayoyin nan biyu da Auta ya naɗe da baƙin salatif. Ya ɗan tsaya, sannan ya ƙwanƙwasa.