Mataki na Goma Sha Bakwai

A ofishin kamfanin ruwa kowa Mai Taswira yake ce mata, har masinja. Ba zane take yi ba, ko da yake ta gaji da yi wa mutane wannan bayanin. Taswirar da ma'aikatan haƙa suke buɗewa a kwamfutocin hannu hawa-hawa take, kamar shimfiɗar gado: tituna a ƙasa, gidaje a kansu, sai bututun ruwa da shuɗi, sai wayoyin wutar da ke binne da ja. Ita ce ke rubuta wa taswirar wace shimfiɗa za ta ɗauko, a yaushe, da wane launi, da kaurin layi. Fayil ɗaya ne, bai kai shafi uku ba, amma motoci arba'in ne ke bin abin da ya faɗa.

Sati biyu Manaja ya yi yana mata ƙorafi. Taswira ta yi nauyi, ma'aikata suna tsayawa kallon allo yana juyi kamar an aiki bawa garinsu, rana tana yi. Ta bincika ta gano mai laifin: shimfiɗar wayoyin wuta ce, layuka dubbai, duk gari guda take kwasowa. Jiya da la'asar sai ta yi dabara. Ta rubuta cewa kada wayoyin su fito sai an jawo taswira kusa, zuwa mataki na goma sha bakwai. Taswirar kuwa a mataki na goma sha biyar take buɗewa. Ta gwada, allo ya bayyana kafin ƙiftawar ido. Manaja ya yaba mata a gaban kowa, ta koma gida kanta ya yi girma, gaskiya ce, ta ji daɗi.

Yau da hantsi tsohon Injiniya ya leƙo ɗakinta da hularsa ta kwano a hammata. Shekararsa talatin a fili kafin gwiwa ta zaunar da shi a ofis.

"'Yata, taswirarki ta yi tsaf kamar an wanke. Ina jan layi ya tafi?"

"Yana nan, Baba. Ka jawo ta da yatsa biyu, zai fito."

Ya dube ta ta saman tabarau. "Wa zai jawo? Mutumin da hannunsa duk baƙin mai? A fili yadda ta buɗe haka ake barin ta. A kalla sau ɗaya, a hau mota."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ba ta buƙatar shaida, don ƙanenta ya taɓa faɗa mata haka da bakinsa, yana wanke hannu a gidanta: shi ba ya taɓa allon nan, kallon sa kawai yake yi. Direban katafila ne a rukuni na huɗu. Abokan aikinsa Giwa suke kiran sa saboda girman jiki, ita kuwa da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu ta san shi tun yana siriri, kuma har yau Tsinke take ce masa idan su biyu ne.

Ta buɗe jadawalin aikin yau. Rukuni na huɗu: sabon bututu, titin bayan makarantar firamare, daga kwanar famfo zuwa mahaɗa. Ta jawo taswira zuwa wurin. A goma sha biyar titi ne fari tas. A goma sha shida ma haka. A goma sha bakwai sai ga jan layi mai kauri ya ratsa titin a gicciye, daf da mahaɗa. Babbar wayar da ke ba unguwar wuta ce. Ɗan koren ɗigo mai nuna inda katafilar take yana kan titin, kuma da ta auna, mita goma sha huɗu ne tsakaninsu.

Injiniya ya matso ya duba. Sai ya ajiye hular a kan tebur a hankali.

Ta kira Tsinke. Waya ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake. Ta san inda wayar take, cikin aljihun rigar da yake ratayewa bayan kujera, kuma a cikin wannan rugugin injin ko ganga aka buga ba zai ji ba. Injiniya ya kira shugaban rukunin a tasa wayar, ya ƙara murya don ta ji.

"Ina sito, Baba, na zo ɗaukar bututu. Na duba taswira da safe, babu komai a layin nan. Na ce masa ya ci gaba har mahaɗa."

"Wa ke tare da shi?"

"Leburori biyu, amma suna can baya suna gyara rami. Wayoyinsu na cikin motata, na hana su latse-latse a bakin aiki."

"Juya yanzu. Akwai babbar wayar wuta a gabansa."

Sai suka ji an buga ƙofar mota. Daga sito zuwa can minti ashirin ne idan hanya ta yi kyau.

Ɗigon ya motsa. Mita goma sha ɗaya.

Ta buɗe fayil ɗin, ta goge goma sha bakwai, ta mayar da shi yadda yake a da. Sai hannunta ya tsaya a kan maɓallin turawa. Kwamfutar da ke gaban Tsinke tana duba sabon umarni duk bayan minti biyu, wannan ba matsala. Matsalar ita ce nauyin da ya jawo duk wannan: a wurin da sabis ba ƙarfi, shimfiɗar wayoyin tana cin minti shida, wani lokaci takwas, kafin ta sauka. Ko ta sauka ma, layi ne kawai a ƙaramin allo, ga mutumin da ya riga ya duba da safe ya ga babu komai. Garin neman gira ta ɗauko hanyar rasa ido, kuma idon nata ne.

"Ka'ida sai Manaja ya sa hannu kafin a tura," in ji Injiniya. Ba hana ta yake ba, faɗa kawai yake yi.

"Yana taro a sama."

"To ni ban ga komai ba. Yi abin da za ki yi."

Ta buɗe sabuwar shimfiɗa, wadda ba ta da nauyin komai: ɗigo ɗaya tak, ta dasa shi a kan mahaɗar. Ta ce ta fito a kowane mataki. Ta ɗora ta a saman dukkan sauran, ta ce a fara ɗauko ta kafin tituna ma. Ta zaɓi rubutu mafi girma da taswirar za ta yarda, fari a kan ja. Da farko ta rubuta, Hattara, akwai wayar wuta. Ta dube shi ta san ba zai yi ba. Irin wannan gargaɗin yana manne a jikin motar a wuri goma, ido ya saba da shi har ba ya ganin sa. Ta goge. Ta rubuta: TSINKE, KASHE INJIN. YAYA CE.

Ta tura.

Mita takwas. Ta ƙura wa agogon kusurwar allo ido. Bakin katafila yana miƙawa mita biyar ko shida gaban motar, Injiniya ne ya faɗi wannan, kuma ta so a ce bai faɗa ba. Tana jin tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, addu'ar ma ta kasa haɗa ta, sai sunan Allah kawai take maimaitawa. Minti ɗaya ya wuce. Wani a ɗakin kusa yana dariyar na'urar buga takardu da ta cije masa takarda. Minti biyu.

Ɗigon ya motsa. Mita bakwai.

Wayar tebur ta yi ƙara. Manaja ne, daga ɗakin taro, inda yake nuna wa manya saurin sabuwar taswira a babban allo. "Wane ne Tsinke? Me nake gani haka?" Ta ajiye kan wayar a gefe ba ta amsa ba, muryarsa ta ci gaba da fita ƙasa-ƙasa.

Minti uku. Mita bakwai. Minti huɗu, mita bakwai. Ko ya tsaya ne, ko abin ya riga ya faru ne motar ta tsaya da kanta, ɗigo ba ya faɗin wannan. Ta ɗaga kai ta dubi fitilar ɗakin don ta ga ko wuta ta ɗauke, ko da yake ta san ba layinsu ɗaya da unguwar ba.

Wayarta ta yi ƙara.

"Yaya." Babu ƙarar inji a bayansa. "Wane irin tonon silili ne wannan? Yanzu duk kamfani sun san sunan."

Injiniya ya karɓi wayar daga hannunta, ya ce wa Tsinke kada ya taɓa komai, ya sauko, a tona da shebur.

Da ta isa wurin da azahar, an riga an buɗe ƙasar. Wayar wutar tana kwance a ƙasan rami, baƙa, kaurinta ya kai damtse. Sawun haƙoran katafila na ƙarshe yana jikin bangon ramin, kuma tsakaninsa da ita bai fi taki ɗaya ba. Tsinke yana zaune a kan tulin ƙasa da gorar ruwa, leburori suna tsokanar sa da sabon suna, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Da ya gan ta ya miƙe.

"Ga wadda ta cece ni," ya ce musu. "Da na ga jan abu a allo ban kula ba. Sunan nan na gani, hannuna ya saki da kansa."

Da ta yi shiru da shi ke nan, kowa zai tafi da wannan labarin. Ta ja shi gefe, bayan motar.

"Wayar nan tana kan taswira har jiya da la'asar. Ni na ɓoye ta, don allo ya yi sauri."

Ya kalle ta. Sannan ya juya ya kalli ramin, ya goge baƙin man hannunsa a wando, ya sake gogewa.

"Da safe na duba taswirar," ya ce a hankali. "Na ga fari tas. Har na ce wa leburori, tunda Yayata ce ke yin ta, ba sai mun tona ramin gwaji ba."