Aljana Mai Danna Waya

Ranar Talata ce, tun asuba ake yayyafi, irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Darakta ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce Allah ya ba mu duhu kyauta, sai mu gode.

Ni ne aljanar fim ɗin. Ba don na iya wasa aka ba ni ba, siranta ce ta jawo mini. Tun da na bar makaranta ake ce mini Tsinke, kuma na taɓa aikin walda, na taɓa wankin mota, na taɓa tsaron shago, babu inda na cika wata huɗu. A gida Mama ta ɗauka har yanzu ina shagon walda. Darakta ya gan ni a bakin titi, ya zagaya ni sau biyu kamar mai sayen akuya, ya ce, "Kai, idan aka sa maka hular gashi, ko uwar da ta haife ka sai ta gudu."

Wannan ne fim ɗinsa na uku a kan aljanar da ke yawo a asibitin masu taɓin hankali. Mu biyar ne, da kyamara ɗaya da fitilu biyu. An ba mu aron wani tsohon bene a bayan asibitin, inda ake jibge karyayyun gadaje da kujerun guragu. Sharaɗi ɗaya aka kafa mana: a rufe tagogi duka, kada kowa ya leƙa waje da kayan wasa a jikinsa.

Akwai abin da ban gaya wa Darakta ba. Yayata tana kwance a asibitin nan. Sati bakwai ke nan, tun bayan haihuwarta, lokacin da ta fara jin ana kiran sunanta a ɗakin da babu kowa, tana ganin mutane tsaye a bayan ƙofa. Jaririyar tana wurin Mama, ana ba ta madarar gwangwani. Magani ya karɓi Yaya, kuma ranar nan ce Likita ya ce zai duba ta dubawar ƙarshe ya sallame ta. An ce in zo ƙarfe biyu in ɗauki kaya. Na yi shiru ne saboda yadda Darakta yake magana. Kullum "mahaukatan nan" ne a bakinsa, yana kwaikwayon tafiyarsu ana dariya, ni ma ina dariyar.

Na lissafa abina tsaf: in yi aljana da safe, in wanke fuska, in zagaya ta ƙofar gaba kamar daga shago nake.

Mai Kwalliya ta kwaɓa hoda da man shafawa ta lafta mini, ta zagaye idona da gawayi, ta ɗiga mini tumatirin gwangwani a gefen baki. Aka sa mini farar riga har ƙasa da hular gashi mai kaiwa ƙugu. Muna fara ɗauka fitila ɗaya ta yi ƙara ta mutu.

"Da ɗaya ba za a ga komai ba," in ji Mai Kyamara. "Sai dai mu ɗauki duhu mu sayar."

Darakta ya ciji yatsa, ya dubi bargon da muka rataya a tagar ƙarshe. "Cire wancan. Hasken hadari ya fi na fitila. Tsinke, tsaya a jikin tagar, ka ba mu baya, ka dubi waje."

"An ce kada a buɗe," in ji Mai Kwalliya.

"An ce, an ce. Wa zai ɗaga kai cikin ruwan nan?"

Na tsaya. Ta ƙofar baya muka shigo, don haka ban san inda tagar take kallo ba. Gilashin ya yi datti, ruwa yana bin sa, abin da nake hange kawai wani dogon gini ne da labule shuɗi. Sau tara muka ɗauka. Ko dai Mai Kyamara ya yi atishawa, ko hular ta zame, ko Darakta ya ce ban karkatar da wuya sosai ba. Tsakanin ɗauka da ɗauka ba a bari in motsa daga wurin, sai in ciro wayata daga cikin rigar in ɗan danna.

Ƙarfe ɗaya da rabi na wanke fuska a bokiti, na ce zan je sayo katin waya, na zagaya.

Na sami Mama a kan benci a gaban ɗakin mata, jaririyar a bayanta, jakar Yaya a ɗaure a gefenta. Ba ta ce mini na makara ba kamar yadda ta saba, nan na san akwai magana.

"An fasa," ta ce. "Abin ya dawo."

"Wane abu?"

"Gane-ganen. Shiga ka gan ta."

Yaya tana zaune a bakin gado, ta sa kayan da aka kawo mata na tafiya gida, har da takalmi. Babbar nas tana tsaye da fayil a hannu, wata mace mai faɗi da ba ta son wargi.

"Autan Mama," in ji Yaya, tana ƙoƙarin murmushi. "Ka sha wahalar zuwa a banza."

"Me ya faru, Yaya?"

"Likita ya tambaye ni ko ina ganin wani abu. Da na ce a'a, da yanzu muna mota. Amma na yi wa kaina alkawari ba zan koma wurin 'yata da ƙarya ba. Idan ban warke ba, gara a sani." Ta nuna taga da haɓa. "Mace ce, a can sama. Fara fat, gashi har ƙugu, jini a baki. Ta fi rabin awa tana kallona."

Na bi haɓarta da ido. Ga tsohon benen, ga taga ɗaya tilo da babu bargo.

"Abin da ya fi ɗaure mini kai," ta ce a hankali, "sai ta ciro waya tana dannawa. Na ce shi ke nan, wannan karon ciwon ya zo da sabon salo."

Nas ta ce Likita zai ƙara mata magani, a sake dubawa bayan sati uku. Ginin can kuwa shekara shida ke nan a kulle, ita dai ba a gaya mata wani ya shiga ba.

Mama tana bakin ƙofa. In na yi magana, walda ta tashi, ga kuma abin da ya fi walda: ni ne na tsaya ina wasa da ciwon 'yar'uwata don a sayar. Na ce ina zuwa, na fita da gudu cikin yayyafin.

Darakta yana cin biskit a kan wani karyayyen gado. Na gaya masa komai a tsaye, ban ko numfasa ba. Na ce ya ba ni kyamarar in nuna wa Likita.

"Kana da hankali kuwa?" ya ce. "In nuna musu da hannuna cewa mun buɗe taga? Yau za su kore mu, saura kwana uku mu gama. Ka bari zuwa Juma'a, ni da kaina zan raka ka."

"Yau za a ƙara mata magani."

"To magani ai ba guba ba ne. Wanda ya yi sati bakwai, me kwana uku za su yi masa?" Ya kakkaɓe hannu. "Ashe abin a gidanku yake, shi ya sa ka iya karkatar da wuya."

Babu wanda ya yi dariya. Mai Kyamara ya sunkuyar da kai yana goge gilashin da ba shi da datti. Darakta ya ɗauke kyamarar ya sa a jaka, ya zauna a kai.

Mai Kwalliya ce ta jawo ni gefe. "Kyamara tasa ce," ta ce, "amma hodar tawa ce. Zauna."

Minti biyar ta yi ta gama. Na kira wayar Mama, na ce ta ba nas.

"Ranki ya daɗe, don Allah ki kira Likita, ku tsaya daidai gadon Yaya ku dubi tagar benen. Ki ja wa sauran labule."

"Wane ne wannan?"

"Aljanar ce."

Darakta ya riƙo rigar ta baya, ta yage har kafaɗa, na fizge na isa tagar. Na goge gilashin da hannun riga. Can ƙasa na ga labule ya motsa, ga nas, ga wani mai farin kwat yana gyara tabarau, ga Yaya a tsakiyarsu. Na karkatar da wuya yadda aka koya mini. Na ciro waya na danna. Sannan na tuɓe hular gashin na ɗaga ta sama, na tura tagar da ƙarfi don su ga fuskata sosai. Iska ta fizge hular daga hannuna, ta faɗa cikin kwata.

Haka na sauko na ratsa filin, da hoda da tumatir, ruwa yana wanke su zuwa wuyana. Mai gadi ya gan ni ya yar da sandarsa, sannan ya tuna aikinsa ya ɗauka ya biyo ni.

A bakin ɗakin nas ta tare ni da tawul. "Goge wannan ƙazantar kafin ka shigar mini ɗaki."

Da na shiga, Yaya ta daɗe tana kallona. Sai ta cire takalmi ɗaya ta jefe ni da shi, ya same ni a ƙirji.

"Ɗan banza! Tsinken banza! Ni ina nan ina istigfari, ashe kai ne!" Tana faɗa tana dariya, hawaye na zuba. "Likita, ka gani ko? Ka gan ta kai ma?"

"Na gan ta," in ji Likita. "Har wayar na gani." Ya karɓi fayil ya ja layi a kan abin da ya rubuta. Ya ce wanda ya faɗi gaskiya alhali ƙofa a buɗe take, ya fi ba shi kwanciyar rai a kan wanda ya ce lafiya lau. Amma ta firgita yau, don haka ta kwana biyu ya ga barcinta, Alhamis ta tafi, magani kuma yadda yake.

Wata tsohuwa a gado na uku ta leƙo ta gefen labule. "Ɗan nan, gobe ma za ka fito? Mu huɗu muka gan ka tun safe."

Nas ta juya. "Iya! Kuka gani kuka yi shiru?"

"Yo in faɗa a ƙara mini allura? Ni na ce ko da aljanar ce, sai ta sha kallo, ni ma kallonta nake."

Nas ba ta yi dariya ba. Ta zauna a bakin gadon tsohuwar ta buɗe wani fayil ɗin, ta ce su fara daga farko.

Ni da Mama muka fito baranda. Ta dubi yagaggiyar rigar, ta dubi gawayin idona.

"Wannan ce waldar?"

"Ita ce, Mama."

Ta kwance goyon ta miƙo mini jaririyar. "Riƙe ta, bayana ya gaji. Ka juya fuskarka can, kada ka sa mini ita kuka."

Kafin la'asar an fitar da su Darakta ta ƙofar da muka shigo. Ranar Alhamis na zo tun ƙarfe goma, da fuskata ta gaskiya, na ɗauki jaka.

Abin da aka rasa: hular gashi ɗaya, farar riga ɗaya, fitila ɗaya, fim ɗin da ba a ƙarasa ba, aikina na huɗu, da kwana biyu na Yaya a gida.