Firjin Maman Kumburi

Hantsi ya yi amma rana ba ta leƙo ba, tun asuba ake yayyafi. Irin sanyin nan ne ke tayar wa Farfesa ciwon gaɓoɓi, shi ya sa maigidanta ya zagayo ya buɗe mata ƙofar mota.

"Ki gaida min saurayin naki," in ji shi. "Ni ake wa girki, shi ake so."

Firjin ɗakin bincike yake nufi. A ciki take ajiye jinin masu ciwon kumburin gaɓoɓi, wanda ta yi ta ɗiba tun tana da ƙuruciya. Da jinin nan ta nuna cewa kumburi ba ya lafawa don kansa, akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da aikinsu ke nan, su zo su kashe wutar bayan an gama faɗa. Daga nan ɗalibai suka raɗa mata Maman Kumburi. Tambaya ɗaya ta rage mata: me ya sa a jikin wasu, har da nata yanzu, masu kashe wutar ba sa zuwa? Ta yi ritaya ba ta amsa ba, ga shi an ce mata sabon shugaban sashe yana son wurin da jinin yake.

Shugaban kuwa ɗalibinta ne na ƙarshe, har yau Auta take ce masa. Ya miƙe da sauri ya ba ta kujerarsa.

"Mama, da kanki? A ruwan nan?"

"Ƙafa ce ta kawo ni, Auta, tunda wayarka ta daina gane lambata. Roƙo na zo yi. Ka bar min ko da kanta ɗaya a cikin firjin. Da sabuwar na'urarku, abin da ya gagare ni zai fito."

Ya shafa ƙeya. Ya ce ai ta tuna shekarar da wuta ta ɗauke jinin ya narke, aka sake daskarar da shi. Ya ce babu mujallar da za ta karɓi sakamako daga irin wannan jini.

"Na tuna," ta ce. "Ni da kai muka yi ta jido ƙanƙara a bokiti. Har kuka ka yi."

Ya yi 'yar dariya, ya gyara zaman kofin shayinsa.

"Na karanta takardarka ta bana," ta ci gaba. "Ka jero sunayen mutanen duniya. Nawa dai ban gani ba, ko tabarau ne ya tsufa?"

"Haba Mama! Abin da kika gano ai ya zama karatun 'yan aji ɗaya. Kowa ya sani, ba a ma cewa ga wanda ya faɗa. Ai girman ke nan."

"Allah ya ƙara min girma. Kantar fa?"

Sai a nan ya daina kallonta. Shekaranjiya aka kwashe jinin, in ji shi, an kai gidan ƙona shara na asibiti. Ya so ya gaya mata, abubuwa ne suka yi yawa. Amma akwai albishir: an amince a sa sunanta a ƙofar ɗakin firjin, har ma za su buƙaci hotonta.

Farfesa ta kalli yatsunta da suka karkace. Ta tuna wani tela da ke zuwa ba da jini, kullum sai ya ce, "Likita, in kin samo maganin ki fara da ni." Ya daɗe da rasuwa. Abin da ya rage nasa a duniya shi ma an ƙona.

"A sa hoton da na yi kyau," ta ce, ta miƙe.

Ba ta yi niyyar leƙa ɗakin firjin ba, ƙafa ce ta saba. Babu kowa a ɗakin. Firjin yana ta gurnani fiye da yadda ta san shi, lambar sanyin da ke goshinsa tana sauyawa a hankali. Wanda ya buɗe shi ƙarshe turawa kawai ya yi, alhali ƙofar nan sai an ɗan ɗaga ta take kamawa. Ta tsagar ƙofar tana hango fararen akwatuna sababbi fil, aikin Auta gaba ɗaya. In aka bar shi haka, kafin la'asar ya narke.

Ta tsaya ta daɗe, ruwan lemarta yana ɗiga a ƙasa. Babu wanda ya ga shigarta.

Yatsun sun ƙi riƙe mariƙin. Ta cusa damtse ƙarƙashinsa, ta sa kafaɗa, ta ɗaga har sai da zafin ya kai mata wuya. Ƙofar ta ce ƙas, ta kama.

A baranda ta wuce Auta yana waya, yana dariya. Ya matsa gefe ya ba ta hanya, bai juyo ba.