Gammon Maharazu

"Ɗauke ƙwaryarki, Baraka, nac ce miki ba ni sha."

Baraka ta tsaya a kansa, kunun tsamiya na turiri a hannunta. Kwana na biyu ke nan maƙwabcinta Lawwali mai tufka yana maido mata da abinci, shi da tari ya kwantar tun girbin gero.

"Kai dai ka cika baƙin rai. Mutum shina tari hal da jini, a ba shi kunu shi ce a'a? To mi kaka so, hantar raƙumi?"

"So nikai ki ja min asabari, ki ja bakinki tare."

Bai ko dube ta ba. Yana jingine da bango, kaba a cinyarsa, yatsunsa na murza ta a hankali. Lawwali gurgu ne tun haihuwa, ƙafafunsa kamar sillen kara, da hannu yake tafiya bisa wasu takalman itace da ya sassaƙa da kansa. Amma daga Illela har Kalmalo babu igiyar guga ko dabaibayin da ya kai nasa. Girman kai kuwa, in da ana awonsa da tiya, da ya cika rumbu uku.

A waje, gindin aduwa, ƙanensa Maharazu na zaune. Bai isa ya shiga ba, shekara bakwai ke nan.

A da, Maharazu ne ƙafar wansa. Shi ke goya shi masallaci, shi ke kai shi kasuwa, suna tafe suna gardama, mutane na musu dariya. Sai shekarar da Nasara suka zo kafa duwatsun iyaka tsakaninsu da Faransa, aka tara majiya ƙarfi a ƙofar mai gari don ɗaukar kaya. Waɗanda aka tafi da su a baya ba duka suka dawo ba. Tsoro ya kama Maharazu. Ya ruga gida ya goyo wansa, ya dire shi gaban Bature, ya yaye masa zane har cinya, ya ce a gaya wa Bature shi yana da nasa kayan tun da aka haife shi, wa zai ɗauki wannan in an tafi da shi? Baturen ya sa bakin sanda ya taɓa ƙafar, ya yi magana, tafinta ya yi dariya, aka sallami Maharazu.

Lawwali ya ja zanensa ya rufe. Gaban gari duka ya ce, "Wallahi, tallahi, hannunka ba shi ƙara ɗaukata, ko da rai ko gawa." Ya ja jiki da hannu har gida, rana tsaka, yashi na cin tafinsa.

Maharazu ya koma Ƙonni da zama, wadda dutsen ya bari a ɓangaren Faransa. Duk ranar kasuwa yakan kawo wa Baraka gero a ɓoye ta riƙa dama wa wansa. Wannan kaɗai ne asirin da ta taɓa riƙewa a rayuwarta, kuma kullum yana mata ƙaiƙayi a harshe.

Rana ta uku ma aka maido ƙwarya. Baraka ta fito fuu, ta tarar da Maharazu ya miƙe tsaye.

"Inna Baraka, ya sha?"

"Sha? Ko kallo! Ni dai na gane. Wani ɗan gulma ya hwaɗa mai geronka na. Ya gwammace yunwa ta kashe shi da shi haɗiye ƙwaya guda taka."

Babu wanda ya gaya mata haka. Ita ta ƙulla abinta tsakanin ɗaki da ƙofa, kuma tana faɗa ta ji ya zauna daidai.

Maharazu ya kalli asabarin. "Ni ba gahwara nika biɗa ba," ya ce. "In ta Allah ta kasance, a bar ni in kama ko ƙahwa guda ta makara. Shi ke nan."

"Liman ya ce rantsuwa ta, kuma gari duka ya ji. Ba su barin ka."

Ya ɗauki sandarsa. "To in zamana nan shi ka hana mai cin abinci, bari in tahi. Ki ce mai na tahi, shi sha kunu."

Ta bi shi da ido har ya shige cikin karan dawa.

Da aka kira magariba sai ta ji muryar Lawwali ta bayan danga, siririya. "Baraka! Ruwa."

Ta kawo a guje. Ya yi bisimilla, ya sha, ya sha, ruwan na bin gemunsa. Ya nemi kunu. Ta zauna tana kallon sa baki buɗe.

"Uku sun cika," ya ce.

"Uku na mi?"

"Ke da kika sanin abin da ag ga tukunyar kowa, ba ki san azumi in kin gan shi ba? Kaffara ta. Wanda zai karya rantsuwa shi ciyar da miskini goma. Ni ina nig ga abincin mutum goma, ni da geron ƙanena nika ci? Sai azumi."

"Ashe ka sani!"

"Shekara bakwai kina kawo min kunu kina noƙe kai awa wadda ta saci kaza. Wa ba shi sani?"

"To da dare mi kaka buɗe baki da shi?"

"Ruwan tulu da dabino biyu. In na hwaɗa miki, kahin la'asar an ji Sakkwato."

Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya jawo abin da yake saƙawa. Gammo ne na kaba, an naɗe shi da tsumman tsohuwar rigarsa don laushi. A lokacin mutum biyu ke ɗaukar makara a ka, ɗaya gaba ɗaya baya.

"Kan Maharazu ba shi son nauyi, tun shina yaro. Kira min shi."

Baraka ta karɓi gammon, ta kalli ƙofa.

"Ya tahi ɗibar ruwa?" Lawwali ya tambaya.

"I," ta ce. "Shina zuwa."

Da asuba ta ɗaura zane ta kama hanyar Ƙonni, gammon a hammatarta, tsohuwa da ciwon gwiwa. Ta wuce dutsen iyaka ba ta ko dube shi ba. Ta sami Maharazu yana ba jakinsa ƙaiƙayi, ta miƙa masa gammon, ta faɗi komai, har da ƙaryar da ta ƙulla. Bai zage ta ba. Da ya zage ta da ta fi jin daɗi. Ya ɗora ta kan jakin, shi yana gudu a ƙasa.

Hantsi ya ɗaga sa'ad da suka iso. Tun daga nesa suka ga takalman mutane a ƙofa. Liman Attahiru ya ce da ya leƙo bayan sallah ya sami Lawwali fuskarsa na kallon asabari, ya tambaya sau biyu ko mai ɗibar ruwan ya dawo, sannan ya cika.

Da aka gama sutura, Maharazu ya matso. Wani dattijo ya tare shi da hannu. Baraka ta ɗaga murya daga bayan danga, inda mata ke tsaye.

"Ku bar shi! Lawwali azumi uku yay yi na kaffara, ni as shaida. Ku dibi gammon da ak kansa, wa ka irin wagga saƙa garin ga?"

Liman ya karɓi gammon, ya juya shi, ya ga tsumman rigar. Ya mayar wa Maharazu, ya ce, "Kama gaba."

Suka fita. Maharazu bai yarda an canje shi ba har maƙabarta. Waɗanda suka bi sun ce yana tafe yana magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gardama da wani.

Da la'asar mutane suka watse, Baraka ta shiga gidan da tsintsiya. Daga bakin ɗaki zuwa gindin tulu akwai sawun hannu a yashi, zuwa da dawowa, da jan zane a tsakani. Maharazu na zaune a ƙarshen sawun, gammon a gwiwarsa. Ta tsaya kaɗan, ta jingina tsintsiyar da danga, ta fita ta ja asabari.