Tsatsar da ke Ƙarƙashin Mariƙi

Habsu ta durƙusa ta jawo takobin daga ƙarƙashin gado, ta kakkaɓe tsohon zanen da aka naɗe shi a ciki. Kwananta tara da fita takaba, kuma tun ranar da aka ɗauki gawar mijinta Namadi ba ta taɓa shi ba. Daga zaure tana jiyo Hudu, ƙanin mijin nata, yana yi wa baƙo hira da ƙarfi kamar wanda ke ciniki a kasuwar Anka.

"Innar Sa'a!" in ji Hudu. "Ko ya yi miki nauyi in shigo in ɗauko?"

"Kai da buhun gero ya kayar bara? Zamna inda kake."

Takobin na mahaifin su Namadi da Hudu ne, Haladu, wanda Turawa suka kai yaƙin Bama yana saurayi. Namadi ya ce da shi uban nasu ya dawo, a hannun wani hafsan Japan ya karɓe shi ranar da suka ajiye makamai. Shekara arba'in yana ba da wannan labari a dakalin ƙofar masallaci, shekara arba'in ana yi masa dariya. Kuben jan fata ne irin na dukawanmu, mariƙin ma fata ce. Sai mutane suka ce maƙeran Gummi ne suka ƙera shi da ƙarfen tsohuwar mota, har suka laƙaba wa Namadi suna Ɗan Japan. Shi kansa Hudu, da bai tashi ya san uban sosai ba, yana cikin masu dariyar. Ko a gadon asibiti Namadi ya ba wata mai jinya labarin, ta yi masa murmushin nan da ake yi wa wanda ciwo ya ci ƙarfinsa. Murmushin ne ya tsaya wa Habsu a rai har yau.

Ta ja mayafinta ta fita zaure. Baƙon dattijo ne siriri mai tabarau, Malam Lirwanu. Tsohon malamin makaranta ne daga Gummi, tun da ya ajiye aiki ba shi da sha'awa sai tara tsofaffin takubba. Hudu ne ya kira shi, ya ce ko da takobin ƙirar Gummi ne, in dai tsoho ne ba zai rasa mai so ba.

Suka gaisa, ya yi mata ta'aziyya a tsanake. Sannan ya nemi ruwa ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma, ya karɓi takobin da hannu biyu. Da ya zare shi sai Hudu ya miƙo yatsa zai shafa.

"Kar ka taɓa. Kar ma ka yi magana a kansa, yawu na sa shi tsatsa."

"To fa," in ji Hudu. "Ashe jariri aka kawo muna."

Malam Lirwanu ya matsa bakin ƙofa inda hasken hantsi ke shigowa. Ya miƙe takobin ya bi bayansa da ido, ya juya shi ya dubi lanƙwasar, ya ɗauko wani ƙaramin gilashi ya kanga a kan kaifin. Habsu na kallon fuskarsa. Ta ga ta saki, can kuma ta ga ta ɓaci.

"Hajiya, wa ke wanke shi?"

"Baban Sa'a," ta ce, tana jin daɗin tambayar. "Duk jajibirin Sallah, ƙarama da babba, bai taɓa fashi ba. Yashin gulbi da toka da lemun tsami. Ni ke tankaɗe mai tokar. In ya gama har fuskarka kake gani. Sau biyu ma ya kai shi Gummi aka ɗora shi a injin washi."

"Inna lillahi," in ji Malam Lirwanu. Ya cire tabarau ya murza idanu.

Ya yi musu bayani a hankali. Ya ce takobin Japan na gaske yana da wani layi da ke bin kaifinsa, fari-fari, yana hawa yana sauka kamar sawun ruwa a kan yashi. A wuta maƙeri ke fitar da shi, kuma shi masana ke fara nema. A nan yashi ya cinye shi. Siffar ta yi kama, amma siffa kowane gwanin maƙeri zai iya kwaikwayo.

"Na faɗa muku," in ji Hudu. "Ƙarfen mota ne."

"Ban ce ba. Akwai wuri ɗaya da ya rage. Gindin ƙarfen, wanda ke cikin mariƙi. In na can ne, maƙerin kan sa sunansa a wurin. Amma sai an cire fatar ga."

Habsu ta dubi mariƙin. Namadi ne ya ɗinka fatar da hannunsa shekarar da aka haifi 'yarsu Sa'a, lokacin da tsohon zaren da ke jiki ya ruɓe. Ba baduku ba ne, ɗinkin ya karkace, wani wurin ya yi ƙulli. Fatar ta yi baƙi da gumin tafinsa, akwai ma inda babban yatsansa ya lotsa ta. A duk gidan babu abin da ya riƙe siffar hannunsa sai ita. Kuma in aka buɗe aka tarar ba komai, shi ke nan, Ɗan Japan zai bi shi har kabari, da shaida.

"Ba dole ba ne, Hajiya," in ji Malam Lirwanu. "Ana iya barinsa haka."

"Yanke kawai, Malam," in ji Hudu. "Ga aska."

"Mayar da askarka aljihu," ta ce. "Ba kai ka ɗinka ba."

Ta shiga ciki ta ɗauko basilla. Ta zauna ta ɗora mariƙin a cinya, ta riƙa zare ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsinka ko guda ba. Ya ɗauki lokaci. Hudu ya fita ya sayo rake ya dawo, har ya sha gaɓa biyu ba ta gama ba. Da fatar ta saki, ta naɗe ta ta sa a gefen zaninta.

Itace ne a ƙasa, tsoho, da wata 'yar ƙusa ta gora da ta ratsa shi. Malam Lirwanu ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro. Ya tura ƙusar da tsinke ta fita, ya riƙe takobin a tsaye, ya bubbugi wuyan hannunsa da ɗaya hannun. A bugu na uku itacen ya zame.

Habsu ta ji kunya ta rufe ta. Gindin ƙarfen baƙi ƙirin yake da tsatsa, kamar gindin tukunyar ƙazamar mace, ga shi a gaban baƙo.

"Wayyo, Malam, bai san yana buɗuwa ba, da bai bar shi haka ba. Bari in kawo toka."

"A'a!" Dattijon ya rungume ƙarfen a ƙirji har tabarau ɗinsa ya zamo. "Don girman Allah, Hajiya, ki zamna. Tsatsar ga ita ce shaidarki."

Hudu ya ƙyalƙyale da dariya har rake ya sarƙe shi.

Malam Lirwanu ya karkata ƙarfen ga haske ya ce su matso. A cikin baƙin akwai wasu zane-zane da aka sassaƙa, guda biyar, a jere daga sama zuwa ƙasa, kamar sawun kaza. Ya fito da wani littafi da ya sha hannu daga jakarsa, ya yi ta buɗawa yana gwadawa. Ya ce shi ba ya karanta rubutunsu, sai dai ya kwatanta, kuma biyu na ƙarshen ya san su: haka maƙeransu ke rubuta cewa wane ne ya yi. Ya ce tsatsar shekara saba'in ja take, mai gari-gari. Wannan da ta yi baƙi ta kwanta lumui ta fi shekara ɗari, ƙila da yawa. Wato hafsan ma gadonsa ya yi, ya tafi da shi yaƙi.

"To, nawa?" in ji Hudu, ya ajiye raken.

"Da yashi bai taɓa shi ba, da kun yi maganar gonar fadama. Yanzu kam, in na ba ku tunkiya mai ɗa ban cuce ku ba."

Hudu ya dafe kai. "Yaya, Allah ya jiƙanka. Ka wanke muna gona da lemun tsami." Ya juya ga Habsu. "Ke kuma kina tankaɗe mai toka!"

Habsu ba ta ji shi ba. Idonta na kan rubutun.

"Malam, na Japan ne?"

"Na Japan ne, Hajiya. Ba ni da shakka."

"Sake faɗi. Hudu kunnensa na da nauyi."

"Na Japan ne. Maigidanki gaskiya ya faɗa."

Ta sa bakin mayafi ta share ido, sau ɗaya. Sai ta ji jikinta ya yi sakayau, kamar ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Ta tambayi Malam Lirwanu ko ya ci abinci, ya ce zai kama motar Gummi kafin rana ta yi zafi. Ya ƙara da cewa in suna son tunkiyar, a shirye yake.

"Rabin tunkiya mi zai yi mini?" in ji Hudu. "Ki riƙe abinki, Innar Sa'a. Ki dai ɓoye tokar."

"Ba na sayarwa ba ne, Malam," ta ce. "Amma motar Gummi ba ta ƙarewa. Akwai dambu a wuta. Ka ci, ka yi Azahar a masallacinmu. In an sallame akwai wasu tsofaffi da ke zama a dakali, su shida ne, ɗaya ba ya gani sosai. Ka tafi da ƙarfen haka tsirara, da littafinka."

Malam Lirwanu ya dube ta ta saman tabarau, ya ajiye jakarsa.

Hudu ya juya ɓawon rake a hannu. Can ya ce, "Ba sai baƙo ya faɗa ba. Ubana ne. Ni zan faɗa musu."

"Awo, kai za ka faɗa," in ji Habsu, ta miƙe ta nufi madafa. "Shi kuma ya tsaya kusa da kai, ya ji ko ka rage wani abu."