Na'urar Ta Ce Ba Ni Ba Ne

Sau bakwai na ɗora babban yatsana a kan na'urar da ke ƙofar ɗakin jarrabawa, sau bakwai tana nuna mini ja. Jarrabawar ƙarshe ce fa, ta shekarar ƙarshe. In na rubuta na gama jami'a, in ban rubuta ba sai baɗi.

"Goge shi da riga, Armiya'u," in ji Malam Sodangi, mai tsaron jarrabawar.

Na goge. Na hura masa iska, na lasa, har a goshi na murza shi ko zai samu maiƙo. Ja dai. Wani daga bayan layi ya ce, "Haba ɗan'uwa, ka ba mu wuri mana!" Na koma gefe zuciyata na tafasa.

Malam Sodangi ya kama hannuna ya juya shi wajen haske. "Subhanallahi! Mi ka yi ma wanga yatsa?"

Me na yi kuwa? Bulo na buga. Bara aka ƙaro mana wani abu wai kuɗin fasaha, da shi aka sayo na'urorin nan da kwamfutoci, wanda bai biya ba babu rajista. Gonarmu ta Banga kuwa damina biyu ke nan ba mai iya taka ta, kowa ya san dalili, 'yan bindiga sun mamaye dajin. Sai na shiga gidan bulo a Ƙaura ina cuɗa siminti ba safar hannu. Tun makon jiya da ƙyar na'urar ke karɓa ta, Asabar da Lahadi kuma na koma aiki. Simintin ya ƙarasa cinye zanen yatsan, ya yi sumul kamar bayan cokali.

Na ce, "Malam, shekara huɗu kana koyar da ni. Ka san ni, ka san sunan ubana."

"Wallahi na san ka. Amma ko na bar ka ka rubuta, kwamfuta ba ta karɓar makin wanda bai danna yatsa ba. Ruga ofishin fasaha, minti talatin ka ke da su."

Na ruga har takalmina na fita. Ofishin sanyi ƙalau, sanyin da gumina ya saya. Mai kula da wurin, Na'Allah, ba mugu ba ne, har kujera ya ba ni.

"Ana iya sake ɗaukar yatsa," in ji shi. "Sai dai ka fara buɗe shafinka na kwamfuta da tsohon yatsan."

"Tsohon yatsan ai shi ne wannan!"

"To ka ga matsalar."

"Ga guda tara nan, zaɓi wanda ka ke so."

"Ɗaya aka ɗauka ranar rajista. Kamfanin da ya haɗa abin ne kaɗai ke iya tsallake wannan, su kuma sai an rubuta musu. Mako biyu, in an yi sa'a."

Kai, ban san sanda na buga teburin ba. Na ce a kira shugaban sashe, aka ce yana taro. Na ce a kawo Alƙur'ani in rantse ni ne. Na'Allah ya dube ni da tausayi, ya ce shafin ba shi da gurbin rantsuwa.

Da na dawo lokaci ya wuce. Ta taga na hangi 'yan ajinmu sun duƙufa suna rubutu, kujerata ta kusa da bango ba kowa. Tambaya ta farko ma da na hango a takardar wani, na san amsarta tsaf. Nan hawaye suka zubo mini, ban ko ɓoye ba.

Malam Sodangi ya fito ya dafa kafaɗata. "Ka yi haƙuri. Fata tana tsirowa. Baɗi ka sake rajista, amma ka bar siminti ko da wata biyu kamin jarrabawa."

Na ce, "Malam, in na bar simintin, da me zan yi rajistar?"

Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu tana neman ƙarin takarda, sai ya koma ciki ya jawo ƙofar.