Rwang Ya Ba Bebaye Baki

Ranar da aka binne Chundung, bayan an dawo daga maƙabarta, mutane suka taru a zauren coci a unguwar Catford, can ƙasar Turai, aka ce mijinta Rwang ya yi magana. Ya miƙe ya fara da Hausa. Bai yi nisa ba sai Dokas, shugaban ƙungiyar 'yan Filato, wanda ke gabatar da taron, ya yi wa mai na'ura alama a kashe makirufo. Wai akwai Turawa a wurin, kuma lokacin hayar zauren ya kusa ƙarewa. Mai molo ya kama waƙa. Rwang kuwa kunnensa ya yi nauyi, bai san an yanke shi ba. Ya ci gaba da magana yana ɗaga hannu, hawaye na zuba, ba mai jin ko kalma ɗaya.

Wani ya ɗauka a waya. Hoton ya zaga Lewisham da Dagenham, unguwar Dokas, ya je har gida Bukuru. A taron ƙungiya na gaba Dokas ya ce cikin raha ai Da Rwang, wato Baba Rwang a yarensu, ya zama fim ɗin bebaye. Aka yi dariya, Rwang na zaune.

Ya koma gida. 'Yarsa Hephzibah ta roƙe shi da Turanci ya bar wa Allah, fasto ma ya zo gida ya faɗi haka. Ya ba fasto shayi ya raka shi bakin ƙofa. Abu ɗaya yake so kafin ya bi matarsa: Dokas ya zauna gaban mutanen nan, su yi masa dariya, shi kuma ya rasa bakin magana.

Damar ta zo ta hannun Ameera, wata 'yar zangon Kumasi mai kula da zauren ƙaramar hukuma a Lewisham. Ta samo wani dogon fim na ƙarshen zamanin finafinai marasa magana, wanda aka yi a wata ƙasar Turai mai sanyi, tana so ta nuna wa dattawa ranar Asabar da rana. Rubutun da ke fitowa jefi-jefi a cikinsa ba Turanci ba ne, ba mai iya karanta shi. Ta ji labarin cewa Rwang ya yi ƙuruciyarsa yana bin motar majigin coci ƙauye-ƙauye, shi ne mai tsayawa gefen farin ƙyalle yana gaya wa jama'a abin da mutanen hoto ke faɗi. Ta zo ta roƙe shi.

Ya tambaye ta wa zai zauna a gaba. Ta ce shugabannin ƙungiyoyi, har da Dokas, shi ne ma zai yi jawabin godiya. Rwang ya ce ta kawo fim ɗin.

Suka kalla tare a flat ɗinsa. Ta ba shi labarin da baki, yadda aka ba ta shi inda ta samo fim ɗin: wani mai kanti ne a garin masunta, mai tumbi da sarƙar agogo, mutumin kirki, wanda ya ɗauki nauyin wata tsohuwa bayan teku ta cinye ɗanta. Rwang bai damu da labarin ba, fuskoki yake kallo. Masu fim na lokacin sun ƙware, sukan matso da na'ura har ka ga rawar leɓe da motsin gira. Mai kantin yana da yawan magana, yana son tsayawa gaban taro, kuma kafin ya buɗe baki sai ya taɓa wuyan rigarsa. Rwang ya sa aka maimaita wurin nan.

"Baba, ka gane labarin?" in ji Ameera da Hausarta ta zango. "Tsohuwa nan ya sha wahala sosai."

Ya ce ya gane.

Ranar Asabar zauren ya cika. Aka ja labule, wata Baturiya ta zauna a piyano, Rwang ya tsaya gefen allo da sandarsa. Ya ƙi karɓar makirufo. Dokas na layin gaba cikin babbar riga, matarsa Anatu a gefensa.

Da mai kanti ya fito, Rwang ya ce wannan shi ne Shugaba, ba shi da wani suna, ko matarsa haka take kiransa. Mutumin ya taɓa wuyan riga, Rwang ya yi gyaran murya sau biyu, irin wanda kowa a zauren ya sani, ya ce da siririyar murya, "Jama'a, lokaci, lokaci." Wata mata a baya ta tuntsire. Sauran suka dubi ƙeyar Dokas.

Daga nan duk alherin da mai kanti ya yi, Rwang ya juya shi. Ya miƙa wa tsohuwa burodi, Rwang ya ce na shekaranjiya ne, kuma ya hana ta ci sai mai hoto ya iso. Ya yanka nama a wurin biki, Rwang ya ce cinya ta shige aljihu, za a kai Dagenham. Ya tsaya bakin teku yana nuna wa mutane jirgin ruwa, Rwang ya ce motar da ya yi alkawarin za ta kai dattawa yawon bakin teku a Southend ke nan, tana nan tafe tun bara. Jama'a suka koma yadda ake kallon majigi a gida, suna amsawa, suna tambayar Da Rwang me ya ce kuma, suna yi wa mai kanti tsaki. Baturiya ba ta jin komai, tana ta zuba kiɗa mai taushi. Ameera ta tsaya bakin ƙofa ta dafe baki.

Dokas ya yi yaƙe da farko, har ya ɗan yi tafi. Can ya motsa zai tashi, Anatu ta riƙe masa riga. Rwang ya gani da gefen ido. Ya san ba zai tashi ba. Ba a ambaci suna ba, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya miƙe ya hana, ya amsa da bakinsa cewa shi ne.

Aka zo wurin jana'izar ɗan tsohuwa. Ta tsaya bakin kabari tana magana, mai kanti ya dafa ta ya ja ta gefe don kada ta faɗi. Nan Rwang bai yi wasa ba. Ya ce tana faɗin yadda ta goya shi, da abincin da yake so, da kalmar da ya gaya mata ta ƙarshe, Shugaba ya ce ya isa haka, manyan baƙi sun gaji. Ba wanda ya yi dariya. Aka ji wani dattijo ya ce, "Kai."

A ƙarshen fim tsohuwa ta rungume mai kanti, ta kai baki kunnensa, shi kuma yana kuka. Tun ranar da suka kalla tare Ameera ta gaya wa Rwang albarka take sa masa. Rwang ya bari na'ura ta matso kan fuskarta sosai.

"Kun ga ta rungume shi," in ji shi. "Don ya ji da kyau ne. Tana cewa, ni ban yafe ba. Wanda ke cikin ƙasa ma bai yafe ba. Ka je ka yi ta shugabanci."

Aka buɗe labule. Ameera ta kira Dokas ya yi godiya, bai tashi ba. Ta sake kira. Anatu ta kama hannunsa suka bi ta ƙofar kicin, mutane na buɗa musu hanya ba mai ce musu sai anjima.

Hephzibah ta yi fushi, ta ce Anatu ce ta yi jinyar Chundung a asibiti, ba ta cancanci wannan ba. Rwang ya ce gaskiya ne, Anatu mutuniyar kirki ce, Allah ya ba ta haƙurin miji. Ameera ta daina ɗaga wayarsa. Bai sake kira ba.

Dokas ya ƙaurace wa coci da taro. Bayan 'yan makonni ya turo Chollom, dattijon da ya girme su duka, ya hau bene da ƙyar ya zauna yana haki. Ya ce Dokas ba ya iya shiga kasuwar Lewisham, har yana cewa zai sauka daga shugabanci idan abin ya ci gaba. Roƙonsa ɗaya ne: Rwang ya tashi a coci ranar Lahadi ya ce wasa ne, labarin fim ne kawai, ba da kowa yake ba.

Rwang ya saurara har Chollom ya gama. Ya tambaye shi lafiyar gwiwarsa, ya taimaka masa ya miƙe.

"To me zan gaya masa, Rwang?"

"Ka gaya masa da shi nake."